Gero Ya Tsiro a Tashar Baba

Yaya Mamman,

Ina lahiyarka, ina iyali, ina zaman Kwatano? Mu a Filinge sai godiya, ruwa dai shiru.

Baba ya gama ɗan layin dogonsa na wasa da yake ƙerawa da gwangwani, har da tasha da masana'antar gyaɗa. Ya liƙe filin tashar da ƙaro, toka da garin gawayi, ya ce bai yi kama da ƙasa ba. Sai ya ɗebo ƙasa daga kufan ƙauyenmu ya zuba a kai, duk da Inna ta hana.

Yaya, gero ya tsiro a tashar, kore shar, ba a zuba masa ko ɗigo ba. Yanzu Baba kullum yana zaune gabanta, yana gaishe da waɗanda muka binne a ƙauyen bara, suna bayan suna.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Rabi. In za ka zo, kada ka jira damina.

Ƙanwarka,
Hajo