Ƙofar da Sai An Ɗaga

Zuwa ga ƙanena, Auta,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya aiki, ya ɗawainiya? Mu nan lafiya lau, in ka cire abin da ka riga ka sani.

Na rubuto maka ne saboda a waya minti biyu kake ba ni, ɗaya na gaisuwa, ɗaya na "Yaya, zan sake kira." To, ga takarda, sai ka karanta ko ba ka so.

Baba yana ci yana sha, ƙwaƙwalwar ce dai ke ta zubewa. Wata huɗu ke nan rabon da ya kira ni Ƙusa, sunan da ya laƙaba mini tun ina ƙarama saboda ramata da taurin kaina. Da, haushin sunan nake ji, yanzu kuwa shi nake nema ido rufe. "Baiwar Allah" nake a bakinsa, in na kawo masa shayi har godiya yake yi mini kamar baƙo. Kullum da yamma sai ya ɗauko hularsa daga bayan ƙofa ya ce a kai shi gida. Na gaji da faɗa masa cewa shekara uku ke nan da rushe gidan, titi ya bi ta kansa.

Ranar Talata ina yankan yadi, na juyo babu shi. Auta, na fita ko takalmi babu. Mai gyaran taya ne ya riƙe mini shi. A tsakiyar sabon titin ya gan shi, daidai inda ƙofar gidanmu take a da, motoci na kauce masa, shi kuwa yana ta laluben makulli a aljihu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro, kuma kar ka kuskura ka yi dariya. Na buɗe tsohuwar kwamfutarka da ka bari a nan, na tarar da wasan nan da ka ƙarar da ƙuruciyarka a kansa, wanda ake yawo cikin wani kango ana faɗa da dodanni. Ashe yana da wurin da mutum zai gina nasa ɗakunan, ya shiga ya zaga. Har na ga wani ɗaki da ka fara ka watsar, kamar yadda ka saba. Sai na ce, tun da ba zan iya kai Baba gida ba, bari in gina masa gidan a nan ciki, in haɗa da talabijin ya gani. Wataƙila hankalinsa ya kwanta ya daina fita. Wataƙila kuma in ya gane gidan ya gane wadda ta girma a cikinsa.

Ban san komai ba a wannan harka, ni da keken ɗinki na sani. Turo mini duk hoton gidan da kake da shi. Gaishe da yara.

Yayarka.

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, ina fata wannan ta same ku lafiya. Hotuna sun iso, na gode. Na ga kuma abin da ka rubuta a ƙasa, wai ko na fara tsufa ne. Za mu haɗu.

Sati bakwai ke nan ina fama. Awa ɗaya nake samu kullum, lokacin barcin ranar Baba, sai in ture yadin mutane gefe in buɗe bidiyon wata mata da ke koyar da masu farawa. Magana take kamar ana kora ta, sai na mayar da ita baya sau goma. Ɗakin farko da na gina, ina shiga sai na ga na nutse ta cikin daɓe, ina ta faɗawa cikin wani fari fat marar ƙarshe. Wallahi sai da na riƙe teburi. Ashe zana ƙasa daban, gaya wa kwamfuta cewa ƙasar nan ana taka ta kuma daban. Ƙofar farko kuwa ta fi gidan tsawo. Ranar da na gama kicin ɗin Mama, na shiga dubawa, sai ga wani ƙwarangwal da takobi ya fito daga bayan murhu, na kurma ihu har maƙwabciya ta leƙo. Na manta ban cire dodanninka ba. Kwana uku na yi ina bin layukan umarnin wasan ɗaya bayan ɗaya kafin na gano inda ake kiransu, na goge su kaf.

Wuri ɗaya ne na fi malamar sauri. In ka ƙera kujera a ciki, sai ka warware fatarta ka shimfiɗa a fili kafin ka sa mata launi. Tana ta bayani wai nan ne masu koyo ke kuka, ni kuwa na ce ai wannan yankan riga ne, inda za a sa ɗinki kawai ake nema.

Jiya na gama. Falo, ɗakuna uku, matakala, kicin, har bencin aikin Baba da zartonsa. Bango a miƙe sak, ƙofofi suna buɗewa sumul. Na zaunar da shi gaban talabijin, ina danna maɓallai muna zagawa. Ya kalla tsaf, irin kallon da yake yi wa aikin wani kafinta. Sai ya ce wanda ya yi wannan aiki ya iya, hannunsa na da kyau. Sannan ya tambaye ni gidan waye.

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji ni. Da na fito ya riga ya sa hularsa.

Auta, me na rasa? Na auna komai daga hotunan nan. Duba hoton nawa ginin da na turo maka ka gaya mini gaskiya.

Yayarka.

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ka, ina gaishe da mutanen gidan. Ya jikin ƙaramar? Allah ya ƙara sauƙi.

Wasiƙarka rabi ta faranta mini, rabi ta ɓata mini rai, bari in fara da ta ɓacin ran. Ka ce in bar wahalar da kaina, in sa kwaɗo a ƙofa kawai. Na sa, ranka ya daɗe, tun kafin ka ba da umarni. Ka taɓa ganin mahaifinka tsaye yana jijjiga ƙofa yana roƙonka da girman Allah ka buɗe masa, iyalinsa na jiransa? Ni nake gani kullum. Ranar Asabar mai kawo ruwa ya bar ta a buɗe, Baba ya fice, ya faɗi a bakin kwata, ɗinki huɗu aka yi masa a goshi. Daga nesa komai sauƙi gare shi.

Amma ɗaya rabin, Allah ya yi maka albarka. Ka ce gidan da na gina ya yi kyau da yawa, namu ba haka yake ba. Ina karantawa na dafe kai. Matakala ta uku da ta fi sauran gajarta, wadda duk baƙo sai ya yi tuntuɓe a kanta. Tagar falo da ta karkace. Sai uwa-uba ƙofar kicin, wadda ke cijewa a ƙasa, sai an ɗaga ta an tura da kafaɗa. Shekara talatin Mama na mita, gidan kafinta guda amma ƙofarsa ba ta buɗuwa, shi kuma kullum gobe zai gyara. Hoto ba ya nuna wannan, ni kuma da hannuna na miƙe komai saboda manhajar a miƙe take son abu.

To, ashe lalata abu da gangan ya fi gyara shi wuya. Ƙofa mai buɗewa layi biyu ce. Mai cijewa kuwa sai da na koyi rubuta sharaɗi: in an tura, ta motsa kaɗan ta tsaya; in an danna maɓallin ɗagawa tukuna, ta buɗe. Na kai tambaya zauren masu koyo a intanet, mutum biyar suka turo mini yadda zan gyara ta. Na ce ba gyara nake nema ba, so nake ta lalace daidai. Ƙarar kuma da wayata na ɗauka, na ja tsohon bencin Baba a kan siminti har sai da ta yi irin kukan nan.

Ka tambaya ko zan sa Mama a ciki. Na gwada. Ƙera mutum ba aikin ɗan koyo ba ne, abin da ya fito 'yar tsana ce mai ido kamar na kifi. Na goge, na nemi gafararta. Kicin ɗin dai na sa tukwanenta da kujerarta 'yar tsugunne.

Sauran kaɗan. Ka sa mu a addu'a.

Yayarka.

Zuwa ga ƙanena,

Ina fata kuna lafiya. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, kwana tara ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Ranar Laraba da hantsi na nuna masa. Na zaɓi lokacin ne saboda ya fi natsuwa. Muka shiga falo, na ga idonsa ya tsaya kan karkatacciyar tagar. Muka nufi matakala, muna kaiwa ta biyu sai ya ɗaga hannu ya ce in yi hankali da ta gaba. Auta, da ƙyar na sami maɓallin.

Na juyo da mu ƙofar kicin, na tura. Ta motsa kaɗan, ta yi kukan nan, ta tsaya. Na sake turawa da gangan. Sai Baba ya yi tsaki, irin tsakinsa na da, ya ce, "Ke Ƙusa, sau nawa zan gaya miki? Ɗaga ta tukuna." Ko kallona bai yi ba, ya faɗa ne kamar jiya ya faɗa. Ya ƙara da cewa gobe zai gyara ta.

Wata bakwai ina jiran sunan nan. Da na san abin da ke bayan ƙofar da na tsaya a nan, na kashe talabijin, na rungume shi. Amma daɗi ya ɗebe ni, na ɗaga, ta buɗe.

Ya matso bakin kujera, ya kira Mama. Ya sake kira, da ƙarfi, yadda yake yi in ya dawo daga aiki. Ga tukwane, ga kujerarta, ga hasken taga a kan daɓe, duk yadda na tsara su. Ya ce in duba bayan ƙofa, na juya mu, babu kowa. Na buɗe baki zan ce ta je kasuwa, ƙaryar da nake yi masa kullum, sai ya juyo ya dube ni. Idonsa tar, Baban da ka sani, ba wanda nake ba shayi ba. Ya ce, "Ta rasu, ko?" Na ce e. Ya tambaya ko ya je jana'izar, na ce shi ya tsaya a kan komai. Ya tambayi gidan, na gaya masa. Ya tambaye ka, na ce kana lafiya, kana da yara uku, ya ce uku, yana ƙirgawa da yatsu.

Sannan ya yi kuka. Ranar rasuwar ma ban ga ya yi irinsa ba. Ya riƙe hannuna yana cewa sannu Ƙusa, sannu, ke kaɗai aka bari da ni. Muka zauna a haka har shayinsa ya huce. Da ya tashi daga barcin rana, na koma baiwar Allah.

Na sami abin da na nema, ban sani ba ko in yi murna. Tun ranar bai sake taɓa hularsa ba, tana nan rataye a bayan ƙofa. Na cire kwaɗon ma, ba ya ko kallon wajen. Bai tuna talabijin ba, bai tuna abin da na gaya masa ba, amma wani abu ya zauna masa a ciki. Da can yana da inda za shi, kullum da yamma yana da mai jiransa. Ni na ƙwace masa wannan da hannuna, layi bayan layi, ina ta murna wai na iya. Abincinsa ya ragu, yini yake a kujera yana kallon hannayensa. Shekaranjiya da na kasa daurewa, ni da kaina na ɗauko hular na miƙa masa, na ce ya zo in kai shi gida. Ya dube ni da ladabi ya ce, "Na gode, baiwar Allah. Ai babu kowa a can."

Ban goge gidan ba, na kasa. Jiya na shiga ni kaɗai, na tsaya a bakin kicin, ban ɗaga ƙofar ba.

Auta, ban taɓa roƙonka ka zo ba, kullum faɗa nake yi maka a maimakon haka. Yau ina roƙonka. Ka nemi hutu ka taho, kar ka ce sai ƙarshen shekara. Ba na ce zai gane ka ba. Amma in ya sake farkawa ko na minti biyar ne, ya tambayi mutanen gidansa, ina so ya juya ya ga mutum biyu.

Ka gaishe da maiɗakinka, ka shafa mini kan yara.

Yayarka,
Ƙusa.