Motar Alhaji Labbo

Gwadangaji, Birnin Kebbi
Mayu, 1992

Zuwa ga Yayata Rauda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da fatan Inna ta samu sauƙin ƙafafun. Ni ma lafiya lau, sai aikin sabuwar jiha da har yanzu bai zauna ba. Tun da aka kwaso mu daga Sakkwato tebur ɗaya muke rabawa ni da abokin aikina Abdussamadu.

Yaya, tun ranar da kika kawo Inna asibiti ban samu natsuwa ba. Ina tsaye a tasha bas ɗinku ta iso, na ga yadda aka cusa ta tsakanin buhunan albasa, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Sai da ni da direba muka ɗauko ta. Ga shi likita ya ce kowane wata sai ta dawo. Ban ga yadda za ta jure hanyar Argungu a haka ba, balle damina na tafe.

Don haka na yanke shawarar samun mota, kuma hanya biyu ce a gabana. Ta farko, gwamnati ta buɗe bashin mota ga ma'aikata, ana cirewa a albashi sannu a hankali, in an gama mota ta zama tawa. Sai dai akwai kuɗin ruwa a kai, ko da yake kaɗan ne. Ta biyu, akwai wani ɗan kasuwa a nan da ke ba da motoci haya wata-wata. Babu ruwa a ciki, amma abin da yake karɓa ya fi rabin albashina, kuma ko shekara nawa na yi ina biya, motar tasa ce, ranar da ya ga dama ya karɓe.

Kin san yadda marigayi Malam ya rene mu game da riba, kin kuma san Inna ta fi shi tsanani. Ina roƙonki ki ɗan taɓa mata zancen a cikin hira, kamar labarin wani ne, ki ji me za ta ce.

Ki gaishe ta, ki gaida Kawu Maliki. Na bar ki lafiya.

Ƙanenki,
Ja'afar

Argungu
Mayu, 1992

Ja'afar,

Wa alaikumus salam. Mun ga takardarka, kowa lafiya, yara suna gaishe ka.

Ka ba ni aikin da ba ya yiwuwa. Na dawo daga makaranta na same ta tana tsince shinkafa, na ce wani malami a wurinmu zai ci bashin mota. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ja'afaru na ko?" Sai ta ce, "Ki hwaɗa mai, Malam bai ci ruwa ba har yak koma ga Allah. Ni ko ba ni sa ƙahwata cikin motar ruwa, ko da rarrahe za ni Birni."

Na yi mata bayanin cewa kaɗan ne, kuma gwamnati ce ba mutum ba. Ta ce ba ta tambaye ni yawansa ba. Da na kawo zancen haya kuwa sai fuskarta ta saki, ta ce haya halal ce, kowa ya sani.

To ka ji. Shawarata ka ɗauki hayar, ko na wata shida ne, mu ga yadda jikin zai yi. Ni ma zan riƙa taimaka maka da abin da ya samu. Na san da tsada, na san kana shirin aure, amma motar da Inna ba za ta shiga ba, me amfaninta?

Allah ya yi maka zaɓi na alheri.

Yayarka,
Rauda

Gwadangaji
Yuli, 1992

Zuwa ga Yaya Rauda,

Assalamu alaikum, tare da fatan alheri gare ku baki ɗaya. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, na rasa ta inda zan fara ne.

Na sa hannu a bashin. Motar tana ƙofar gida yanzu haka, Fijo ce ta hannu, fara, kujerar baya da faɗi, mutum zai iya miƙe ƙafafunsa.

Ban raina shawararki ba. Na koma wurin ɗan kasuwan har sau da dama, na roƙe shi ragi, ya ƙi. Ya kuma ce ba a fita da motarsa wajen gari sai an sanar da shi. Kuɗin da kike cewa za ki taimaka da su kuwa na abincin yaranki ne, ba zan karɓa ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, akwai son raina a ciki. Da na ga sa'o'ina suna ta fita da motocinsu, na so a ce ni ma ina da tawa.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Ranar Lahadi zan zo in ɗauki Inna don ganin likita na Litinin. Kafin in iso, ki ce mata haya na ɗauka. Kalma ɗaya ce, Yaya. Ni idan na tsaya a gabanta ba zan iya ba, tana kallon idona za ta gane. Ke kuwa ba ta taɓa kama ki da ƙarya ba. Zunubin a kaina yake, ba a kanki ba. In ta samu lafiya ni da kaina zan faɗa mata gaskiya.

Wassalam,
Ja'afar

Argungu
Satumba, 1992

Ja'afar,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ruwa ya cika fadama, amma shinkafar Kawu ta tsira.

Sau biyu ke nan kana zuwa kana ɗaukar ta, kuma kullum kana kauce wa zama da ni, don haka na rubuto. Ka ce kalma ɗaya ce. Bari ka ji abin da kalmar ta haifa.

Ranar da na ce mata haya ce, ta yi hamdala, sannan ta ce, "To mai motar ga, mi sunanai?" Ban shirya wa wannan ba. Bakina ya ce Alhaji Labbo, ban san inda na samo sunan ba. Ta tambayi ɗan ina ne, na ce ɗan Birni. Ta tambayi ko da tsada, na ce ya yi maka ragi don ya ji ta marar lafiya ce. Kowace amsa sai ta jawo wata. Yau Alhaji Labbo yana da mata da 'ya'ya da shagon taya, duk ni na ba shi su.

Bayan kowace salla sai ta yi masa addu'a, da sunansa, bayan na Malam, kafin naka. Ina zaune ina ji, kuma dole in ce amin. Ta faɗa wa ƙanwarta Inna Hodi, ta faɗa wa matan unguwa. Jiya wata ta zo tana tambaya ko zai ba mijinta a-kori-kura haya.

Gaskiya ne jikin ya yi sauƙi. Tana dawowa daga asibiti da ƙarfinta, ba kamar da ba da sai ta kwana uku a kwance. Ina ganin haka ina jin daɗi, sai kuma in tuna. Ka ce zunubin a kanka yake, amma ni ce ke kwana gida ɗaya da ita rabin mako, ni ce take kallo.

Ga ƙunshin busasshen kifi nan a hannun direban da ya kawo takardar. Ba naka ba ne. Ta ce ka kai wa Alhaji Labbo. Ka san yadda za ka yi da shi.

Rauda

Gwadangaji
Nuwamba, 1992

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Duk abin da kika faɗa na karɓa, ba ni da bakin musu.

Kifin nan ya daɗe a ɗakina, na kasa ci na kasa zubarwa, daga baya na raba wa maƙwabta. Buhun sabuwar shinkafar da ta sa aka ɗora mini a but ɗin mota wannan zuwan, shi ma na Alhajin ne, na kai shi masallacin unguwa.

Na yi niyyar faɗa mata, Yaya, wallahi na yi. Da muke dawowa daga asibiti ran Litinin, mun wuce Ambursa kaɗan, na tsaya a gindin wata bishiya. Tana baya ta miƙe ƙafafu, tana kallon masu yankan shinkafa. Na ce, "Inna, akwai maganar da nake so in yi miki a kan motar nan."

Ta zabura ta ce, "Ya ce zai karɓe abinai?"

Na ce a'a. Ta sauke ajiyar zuciya, ta ce ita dai ta saba, ba ta jin za ta iya komawa bas. Daga nan ta shiga ba ni labarin yadda ta faɗa wa Inna Hodi cewa ɗanta ya ga bashi a tafin hannunsa ya bar shi don tsoron Allah, ya zaɓi wahala. Ta ce da Malam na da rai da ya yi alfahari da ni. Ban taɓa jin Inna ta yabe ni a gabana ba sai ranar.

Sannan ta ce, "To mi ad da motar?"

Na ce, "Ba komai, Alhaji ne ya ce in gaishe ki."

Na tayar da mota. Har muka shiga Argungu tana sa masa albarka.

Na tambaya a ofis ko ana iya mayar da bashin, aka ce sai dai in biya duka a lokaci ɗaya. In na sayar da motar don in biya, da me zan ɗauke ta wata mai zuwa? Ki ƙara mini lokaci, in ta ƙara ƙarfi zan sake gwadawa. Ki yafe mini.

Ƙanenki,
Ja'afar

Argungu
Janairu, 1993

Ja'afar,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Har yanzu ana zuwa gaisuwa, mutanen Gulma da na Augie sun zo jiya.

Ka tafi ana gama addu'ar uku, gidan kuma cike yake, ban samu keɓewa da kai ba. Akwai abin da ba ka sani ba.

Ranar da jikin ya tashi, kafin ka iso, da la'asar ta sa aka kira Kawu Maliki. Hankalinta ɗaya. Ta yafe wa kowa, ta faɗi 'yan abubuwan da take so a yi. Sannan ta ce karsanarta da ke hannun Fulani a Gulma a ba Alhaji Labbo, don ya ɗauki nauyinta bai san ta ba. Kawu ya maimaita, ta ce haka ne. Ya juyo ya ce in shaida. Ina riƙe da hannunta, Ja'afar. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, na ga yadda take numfashi, na ce na shaida.

Yanzu Kawu ya ce ba zai raba gado ba sai an cika wasiyya. An riga an kawo karsanar, tana ɗaure a bayan gida. Ya ce ka zo da mutumin, ko ka kai shi wurinsa, yana so ya yi masa godiya da bakinsa.

Ba karsanar ce ke hana ni cin abinci ba. Ta ce ba ta sa ƙafarta a motar ruwa, mu kuma muka sa ta, wata bayan wata, tana yi mana addu'a. Da wannan ta tafi. In akwai tambaya a kanta saboda mu fa? Ba ni da wanda zan tambaya, don Kawu ne mai sanin hukuncin, shi ne kuma wanda muke ɓoye wa.

Ka ba ni amsa da wuri.

Rauda

Gwadangaji
Janairu, 1993

Yaya,

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Inna.

Na karanta takardarki a ofis, na kasa ci gaba da aiki, har Abdussamadu ya matsa mini na faɗa masa komai. Ya ce yana da wani baffansa dattijo mai kamala, zai iya sa babbar riga ya bi ni Argungu a matsayin Alhajin, ya karɓi karsanar, mu sayar mu yi wa Inna sadaka da kuɗin, magana ta mutu. Ina jin kunyar faɗa miki cewa ban ce masa a'a ba. Ban kuma ce e ba.

Kada ki ce wa Kawu komai tukuna. Ki ce masa Alhajin ya yi tafiya. Wannan ce ta ƙarshe da zan roƙe ki.

Ja'afar

Argungu
Fabrairu, 1993

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Maliki zuwa ga ɗana Ja'afaru. Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ka.

Bayan haka, Rauda ba ta ce mini kowa ya yi tafiya ba. Ta zo ta durƙusa ta faɗa mini abin da ke akwai. Kada ka riƙe ta da wannan.

Game da karsana, wanda aka yi wa wasiyyar babu shi. In kuwa mai motar na gaskiya ake nufi, to magaji ne, ba a yi wa magaji wasiyya. Ta koma cikin gado.

Game da abin da Rauda ta tambaye ni tana kuka, na san kai ma shi ne a ranka. Yayata ba ta sani ba, kuma abin da mutum bai sani ba babu laifinsa a kansa. Ta tafi da tsabtarta, in sha Allahu.

Sauran maganar tsakanina da kai ce, ba ta takarda ba ce. Ka zo ranar Juma'a, kai kaɗai. Ka bar motar nan Birni, ka shigo ta tasha. Matan gidan ga da sun gan ta sai su fara yi wa mai ita addu'a, ni kuwa ban samu bakin hana su ba tukuna.

Allah shi shirye mu baki ɗaya. Wassalam.

Kawunka,
Maliki