Baƙon Malam Nuru

Litinin, 3 ga Maris 2025

Na kwanta a Bayan Kwalbati, na tashi a "Sabuwar GRA". Haka Celestine dillali ya ce sunan unguwarmu ta nan Kafanchan yanzu, tunda aka zuba kwalta: daga kwalbati zuwa sama GRA, daga kwalbati zuwa ƙasa talakawa. Gidana ya tsallake da gida biyu kacal. Wai na maƙwabcinmu Meshak ya tafi miliyan goma sha uku a Janairu, gidan da ko rijiya babu. Shekara huɗu baya wa zai ba ni biyar? Na gode wa Ubangiji har da rawa, duk da gwiwar nan.

Damaris ta gama mini ɗaki a Zonkwa. Kullum waya: Mama, ki sayar ki dawo kusa da ni, ba za ki ƙara damina ke kaɗai ba. Gaskiyarta ne. 'Yata ta fi ni hankali, amma ba zan gaya mata ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Celestine ya zagaya gidan yana ta yabo, har ya kai baya, gindin gwaiba, inda Gershon yake kwance shekara tara. Nan yabon ya ƙare.

"Mama, gida yana da kyau. Amma wannan kabari, shi ne wahala. Ba mai siya da shi."

Ya ce ko a baje a shafe da siminti, ko kuɗin ya faɗi da rabi. Na ce mijina ne, ba turmi ba ne da za a matsar.

Lahadi, 9 ga Maris

A sujada ban ji wa'azin ba. Ina ta ganin motar wani a fake a kan Baban Damaris.

Laraba, 12 ga Maris

An sami mai saye, wani Zamani, ma'aikaci daga Kaduna. Mutumin kirki, ya rusuna ya gaishe ni da yare. Amma shi ma a gindin gwaiba ya tsaya. Matarsa ba za ta yarda ba, kuma nan yake son garejin. Zai turo safiyo ya auna tukuna.

Gara ma a auna. Na daɗe ina zargin Malam Nuru tela, maƙwabcina na baya, da cin iyaka. Duk wata sai in gan shi da adda yana sassabe shingen bini-da-zugun da ke tsakaninmu, daidai wajen kabarin. A raina Ci-da-iyaka nake kiransa. Tun bayan rikici, da nasu suka koma can namu suka hauro nan, gidansa da nawa ne suka rage manne da juna kamar ɗinkin da aka manta a farke. Gaisuwa dai muna yi, ta nesa. Ga akuyarsa, wadda ta ɗauki rama da gautana gadon ubanta.

Asabar, 15 ga Maris

Ruwan farko. Kwano ya zuba a wuri uku. Na gode akwai bokiti uku.

Talata, 18 ga Maris

Safiyo ya zo da na'urarsa. Na tsaya a kansa, hannu a ƙugu, ina jiran a kama ɓarawo. Suka tona suka sami turken simintin iyaka, ba a shinge ba, a cikin tsakar gidana, taku shida kafin gwaiba. Na ce su sake. Suka sake, suka duba takarda. Haka ne.

Wato shingen ne ya shiga filin Malam Nuru. Gwaiba nasa. Inda Gershon yake, nasa.

Shekara tara ina zagin mutum a raina, ashe mu ne masu cin iyakar. Ban iya cin tuwo ba.

Laraba, 19 ga Maris

Na ɗaura ɗankwali na zagaya ta titi na shiga shagonsa. Rabona da ƙofar nan tun Gershon na da rai. Ya tsayar da keke ya ba ni kujera. Na fara kame-kame, ya ce ai ya sani, Malama.

Wai tun lokacin da ya yi takardun gidansa suka gane, shi da Gershon, cewa an dasa shingen a karkace. Suka ce bayan damina za su gyara. Kafin damina ta wuce Gershon ya tafi. Ranar jana'iza yana tsaye matasan ikilisiya suka fara haƙa a gindin gwaiba.

Na ce me ya hana ka magana?

"Ina za a tsayar da masu haƙa kabari a ce su matsa taku shida? Kuma Gershon ne ya tsaya mini a ƙofa lokacin rikici, kin manta?"

Ban manta ba. Na dai daina tunawa.

Sassaben kuwa, wai ciyawa yake hanawa ta tsallako kan kabarin. Na tambaye shi nawa zan biya filin, ya yi dariya ya ce ba a sayar da masaukin baƙo. Shekara tara yana baƙonsa, ko ruwa bai taɓa roƙa ba, wa zai kori irin wannan? Ya ce Zamani ya ja katangarsa a kan turke. Gwaiba da mai gwaiba su zauna a nasa ɓangaren, kuma zai sa a rubuta, 'ya'yansa su sa hannu. Na ce mutanenku za su yi magana. Ya ce su yi, baki nasu ne.

Ubangiji, ka ga abin da na yi ta kiransa.

Juma'a, 28 ga Maris

Mun sa hannu. Zamani ya biya yadda aka biya Meshak. Celestine yana ta washe baki kamar shi ya dasa turken.

Asabar, 26 ga Afrilu

Zonkwa ba laifi, ɗakin ba ya zuba. Na ce wa Damaris zan je Kafanchan zancen fansho. Ta ga doya da cittar da na ɗaure, ta taya ni ɗauka.

Katangar Zamani ta tashi, har da fenti. Na wuce ta, na zagaya, na yi sallama a ƙofar Malam Nuru. Hajara matarsa ta fito. Na ce maigida yana nan?

Ta ce, "Wanne, Malama? Nawa yana shago. Naki yana baya, shiga."

An share wurin tas. Na zauna har rana ta yi. Idona ya ɗan yi ruwa, hayaƙin murhunta ne.

Akuyar ta cinye furen da na kawo. Na bar ta.