Gwankin Baba

Dumega, daren Laraba, tsakiyar rani

Da hantsi gardawan Kumandan, wato dogaran Nasara, sunka iso daga Dogon Dutsi, sunka iske Baba yana feɗe gwankin da ya harbo. Babbansu ya ce dawa ta koma ta gwamnati, ba mai harbi sai da takardar Nasara.

Baba ya ce, “Ni ne Sarkin Baka. Ni ke buɗe dawa, ni ke rufe ta. Sanda nake hana a harbi mai ciki, ina Nasaran yake?”

Gardin ya narka masa gindin bindiga a baki, haƙoransa sunka zube cikin jinin gwankin. Wana Dari ya kai wa gardin wuƙar fiɗa a dantse har ƙashi. Sunka danne Dari da bulala har bayansa ya tsage, sunka ja shi ɗaure bayan doki, sunka kwashe naman.

Yanzu maharba sun cika zaure suna shafa wa kibau dafi. Baba, da kumburarren baki, ya ce dafin nan na dabba ne, kada wanda ya fita. Yau na fara ganin ya yi magana ba wanda ya sunkuyar da kai.