Inna, Irin Albasarki Bai Ƙare Ba

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa, na zo miki da albishir ne.

Kin tuna ƙullin irin albasar da kika bari a cikin tsohon gwangwanin shayi? Jar albasarki ta garin Kashin Zama, wadda ke ƙetare damina a rudu, rumbun ajiyar albasa, ba ta ruɓe ba. Bayan rasuwarki Yaya Balki ta ce ni zan riƙe shi, tunda ni ke da fili bayan ɗaki a nan Jega. Na raba shi biyu, na shuka rabi.

Inna, na kashe rabin nan da hannuna. Dashen ya kama, sai ƙananan ƙwarin da ke ɓuya a wuyan albasa suka shigo, lawashi ya yi zanen fari ya fara murɗewa. Bayansu tabo mai duhu ya biyo. Tun farko tushe uku ne kawai suka kamu, kuma na gansu sarai. Na tsuguna zan tuge, na kasa. Gani nake yi kamar ke zan cire daga gidana. Na koma ina lallaɓa su, ina kwara musu ruwa ta sama safe da yamma kamar mai jinya, ashe cutar nake rabawa maƙwabtansu. Kafin wata guda fangali biyu sun kwanta. Na yi kuka har maigidana ya ɗauka wata rasuwar aka yi.

Irin albasa ba ya jiran shekaru, ke kika koya mini. Idan ragowar ta tafi, shi ke nan.

Da rani ya zagayo na canza wuri, na shuka ragowar a gefen rijiya inda ba a taɓa sa albasa ba. Irin ya tsufa, abin da ya fito bai cika fangali ɗaya ba. Ƙwarin kuwa ba su manta hanyar gidana ba.

Sai na tuno ki a lambu, kin ɗaure zani a ƙugu, kina buɗa wuyan kowace albasa da yatsa kamar mai duba kan yaro. In kika ga mai tabo, ko kallo na biyu ba ta samu. Ni kuma ina tsaye ina langaɓe kai, ki ce, "Tuge ta, ɗiyag ga, mi kika jira?" A lokacin ina ganin ba ki da tausayi.

Na tuge, Inna. Guda bakwai a safiya ɗaya, daga ɗan abin da nake da shi. Na kai su can bayan katanga na binne. Na daka 'ya'yan dogon yaro na jiƙa, na tace, na sa ɗan sabulu, na riƙa yayyafawa da tsintsiya daidai wuyan, inda ɓarayin ke kwana. Ruwa kuma ta gindi, ban sake jiƙa ganye ba. Maigidana ya ce warin jiƙon ya kori ƙwari, saura kaɗan ya kore shi. Na ce ya yi haƙuri, albasar ta riga shi zuwa gidanmu.

Sauran suka tsaya, suka yi kai. Na bar wuyansu ya bushe kafin in ajiye. Damina ta zo ta wuce, biyu kaɗai suka lalace. Na mayar da manyan cikin ƙasa, suka fitar da fure fari, ƙudan zuma suka cika bayan ɗaki.

Jiya na murje busassun kawunan furen na sheƙe. Baƙin iri, sabo, cikin kwanon sha har baki. Na zauna a tabarma ina ta dariya ni kaɗai, hawaye na zuba. Na ci nasara, Inna, kuma da hanyarki na ci.

Na ƙulla wa Yaya Balki nata, gobe motar Maiyama za ta kai mata Kuberi. Na kuma ƙulla wa mata uku a unguwarmu, don kada ya sake zama a hannun mutum ɗaya. Kowacce na faɗa mata sunanki kafin in miƙa.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki. Duk tukunyar da albasar nan za ta shiga, Allah Ya kai ladan gare ki. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki,
Hajaru