Injin yankan ciyawa a kan buhun gero

Baban Amira,

Na wuce Bande wajen sunan jaririn Hussaina. Ba ka dawo daga garka ba, mai moto kuma yana jira.

Injin yankan ciyawar da ka ɗora jiya a kan buhunan gero don gudun damshi, a kwance ka ajiye shi, tankinsa cike da man esansi, murfin kuma bai ɗauru ba. Man ya tsiyaye cikin buhun sama. Ban lura ba sai da na dama fura da geronsa, Inna ta kurɓa ta furzar, ta tambaye ni ko moto muka mayar da ita.

Buhu ɗaya ya lalace, ko kaji kada a ba su. Huɗun da ke ƙasa na shinshina su ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsu lau. Su ne abincinmu har kaka.

Na jawo injin na jingine shi a gindin dogon yaro. Hadari yana haɗowa, na san za ka so ka mayar da shi ɗakin hatsi. Don Allah kada ka mayar. Ka juye man a bido, jarkar nan ta mai, ka tayar da injin ya cinye ragowar har ya mutu da kansa, ka goge ciyawar da ta maƙale a bakinsa, sannan ka rataye shi a zaure. Na buga ƙusa biyu a bangon gabas.

Kada ka wahalar da kanka neman makullin ɗakin hatsi. Yana cikin jakata, sai la'asar in Allah ya so.

Zulai