Azumin Bashir

Tsafe, daren Talata, ƙarshen Sha'aban

Ciwon cikin jikana Bashir ya sake tashi yau. Ya naɗe bisa tabarma riƙe da cibiya, ya yi ta amai, ko hasken taga bai so. La'asar na yi ya miƙe garau yana neman fura.

Likitar Gusau ta ce ba tsutsa ba ce. Wai ciwon kaina ne na ɓari ɗaya, shi a ciki yake sauko mishi, kuma zama da yunwa na tada shi. Na ce da Bashir, "Maigida, duk dukiyata wannan ka zaɓa ka gada?"

To ga azumi ya ƙarato, ya rantse bana sai ya yi kamar abokansa. Na lallashe shi ya riƙa kaiwa azahar, ni zan ɗinke mishi rabi da rabi su zama guda.

Ya ce, "Inna, ke da ba ki ganin kafar allura?"

Na yi dariya. Amma na san halinsa, karɓar abincin azahar ɗin zai yi ya ba kaji a ɓoye.